Kafin hira, akwai leƙe

Tun bayan kullen korona na 2020 ake ta maimaita tambaya ɗaya: mun ware wa ma'aikata rabin awa a Zoom duk mako domin su yi hira, me ya sa kowa ke yin tsit? Ku yi tunanin allon taron. Mutum goma sha biyu, duk sun kashe makirufo, kowa na jiran wani ya fara.

Bari mu wuce abin da aka riga aka sani da sauri. A shekarun 1970, Thomas Allen na jami'ar MIT ya bibiyi yadda injiniyoyi ke magana da juna, ya gano cewa idan tazarar teburan mutum biyu ta wuce kimanin mita 50, da wuya su riƙa zantawa a kai a kai. A 2021 kuma, wani bincike a kan ma'aikatan Microsoft fiye da 61,000 ya nuna cewa da aka koma aiki daga gida, kowa ya maƙale wa 'yan sashensa.

To, ga inda ake kuskure. Ku tsaya mu kalli wannan a hankali.

A ce wata ma'aikaciya a ofis ta tashi shan ruwa. Ta hango abokin aikinta. Kun ga ta ɗan rage tafiya? Ya jingina da kujera, ya ɗago kai, sun haɗa ido. Sai yanzu ta buɗe baki. Da ta tarar ya duƙufa a kan kwamfuta, goshi a tamke, wucewarta za ta yi, babu wanda ya ji kunya. Wannan leƙen na daƙiƙa biyu shi ne mafarin hirar, kuma shi ne kiran bidiyo ya rasa. Kira dai ƙara ce ke faɗo maka kwatsam, ko ka ɗauka ko ka ƙi.

Masu bincike sun daɗe suna fama da wannan. A tsakiyar shekarun 1980, cibiyar bincike ta Xerox PARC ta haɗa ofisoshinta na biranen Palo Alto da Portland a Amurka da bidiyo wanda ba a kashewa. Cibiyar binciken sadarwa ta Bellcore ta gwada Cruiser, tsarin bidiyo mai barin ka leƙa ofishin wani na 'yan daƙiƙoƙi, amma mutane suka riƙa amfani da shi kamar tarho. Dalili? A baranda kana hango mai zuwa tun daga nesa, ka shirya. A allo kuwa fuska ce kawai ke bayyana a gabanka. Ni dai wani tsari mai suna Portholes na 1992 ya fi burge ni: ƙananan hotuna da ke sabuntuwa bayan 'yan mintoci, ka ga wa ke nan, wa ya fita, ba tare da ka katse wa kowa aiki ba.

Yau fa? Koren ɗigon nan da ke kusa da sunanka a manhajojin saƙon wurin aiki irin Slack ko Teams yana nuna cewa kwamfutarka a kunne take, ba ya nuna ko kanka ya ɗau zafi. Don haka rubuta halin da kake ciki: “ina tsakiyar rahoto har ƙarfe 2”, ko “ƙofa a buɗe take”. Ku buɗe ɗakin murya da ake shiga a fita ba sai da gayyata ba, irin Huddle na Slack. Akwai manhajar Donut, mai haɗa ma'aikata biyu-biyu su gaisa. Idan kuna ƙasashe masu bambancin lokaci, saƙon murya na minti ɗaya zai jira mutum har ya farka.

Roƙona ga manajoji kuwa, don Allah kada ku mayar da alamun nan ma'aunin ƙwazo. Ranar da ma'aikaci ya gane ana ƙirga mintocin koren ɗigonsa, zai riƙa motsa linzamin kwamfuta don ɗigon ya zauna a kore, daga nan babu abokin aikin da zai sake sanin lokacin da ya dace ya leƙo shi.