Sharhi: Idan uwa ta ce ɗanta na da shawara

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Yamai.

Sharhinmu na yau daga bakin ƙofar likita zai fara. Uwa ce ta taho da yaro a goye, ta zauna gaban ma'aikacin lafiya, ya tambaye ta abin da ke damun yaron, ta ce shawara ce. A wurinta ta gama bayani. Shi kuwa mai farar riga yanzu aikinsa ya soma, don idon da ya yi ɗorawa yana iya zama ciwon hanta, yana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya tsananta har ya farfasa jini, yana iya zama amosanin jini, wanda mutanen Yamai suka fi sani da emasi. A 2017, da wani nau'in ciwon hanta mai bin gurɓataccen ruwa ya ɓarke a jihar Diffa, ya fi yi wa mata masu ciki ɓarna, alamar da ido ke gani ita ce dai wannan. Cututtuka daban-daban ne, kowace da sanadinta da maganinta, amma Bahaushe ya tara su a suna ɗaya. Sunan kuma yana tafe da kayansa. Da yawanmu mun tashi muna jin manya na cewa shawara ba ta son allura. Uwar da ta yarda da haka za ta fara ne da jiƙo, ta yi kwana uku ko huɗu tana jiran sauƙi, sai jikin ya rikice sannan a nufi likita.

Ƙwayar cutar da ke cikin jinin yaron, masanin halittu ne ke bin diddiginta. Jikin yaron na likita ne. To kalmar nan fa, da tsoron allurar da ke maƙale da ita, wa ke nazarinsu? Aikin mai nazarin harshe da adabi da al'ada ne, kuma shi ne mutumin da muka fi rainawa a fagen bincike. Kowa ya san yadda ake guɗa a gida idan yaro ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare a sashen kimiyya ya samu gurbin karatun likita, ya kuma san tambayar da ake yi wa wanda ya ce harsunan ƙasa zai karanta: me za ka ci da shi? Wannan tambaya tana yi mini ciwo. Idan ka haye gadar Kennedy ka shiga Harobanda, tsangayar kimiyya da ta lafiya da ta adabi na Jami'ar Abdou Moumouni duk a gaɓa ɗaya suke, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, amma ɗalibi yakan gama karatunsa kaf bai taɓa zama a darasin maƙwabcinsa ba.

Bari in ba ku labarin wani magani da kusan kowane gida a ƙasar nan ya taɓa sha. Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau, irin su Coartem, da allurar da ake yi wa yaron da zazzaɓi ya kayar, tushensu sinadari ɗaya ne, atemisinin. A shekarun 1960 tsohon maganin da aka dogara da shi, wanda iyayenmu suka sani da nibakin, ya fara kasawa a kudu maso gabashin Asiya. A 1967 gwamnatin ƙasar Sin ta tara masana ta ce su nemo wani. Cikin waɗanda aka ɗora wa aikin daga baya akwai wata mata mai suna Tu Youyou. Ita da abokan aikinta tsofaffin littattafai suka buɗe, suka kuma bi masu maganin gargajiya suna tambaya, har suka tattara haɗin magani sama da 2,000. Wani tsiro dangin tazargade ya yi ta fitowa a cikin rubuce-rubucen. Suka gwada shi a kan ɓeraye, yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Da abin ya ɗaure mata kai, sai ta koma ga littafin wani malami mai suna Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na 4, ta sake karanta maganarsa a tsanake. Malamin bai ce a dafa ba. Cewa ya yi a ɗebi ganyen cikin hannu, a jiƙa a ruwa, a matse, a shanye. Nan ta yi tunanin wuta ce ke lalata sinadarin. Ta sauya hanya, ta tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba, kuma a 1971 abin da ta tatso ya kashe ƙwayar cutar ƙurmus a jikin ɓerayen. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Ku dubi inda ƙullin ya kwance: bambancin jiƙawa da dafawa, a cikin jimlar da ta shekara sama da 1,600 a rubuce. Mu ma harshenmu ya san irin wannan bambanci. Jiƙo daban, tsimi daban, sirace daban, hayaƙi daban, abin da ake dakawa a zuba a kunu shi ma daban. Kowace kalma a nan hanya ce ta fitar da abin da ke cikin saiwa ko ɓawo ko ganye. Mai binciken da ya rubuta cewa ana amfani da sabara wajen ciwon ciki, bai faɗi ko ganyen ake jiƙawa ko saiwar ake tafasawa ba, ya bar rabin ilimin a ƙauye.

Kuma muna da namu littattafan. A cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH da ke nan Yamai akwai dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, taskar da marigayi Boubou Hama ya aza harsashinta, kuma bayan fiƙihu da tarihi da waƙoƙi akwai na magani a ciki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu a kan ciwon ido da basir. Cibiyar nazarin tarihi da al'adun baka ta CELHTO kuwa tun 1968 take naɗar maganar dattawa. Masanin harhaɗa magunguna ba zai iya karanta waɗannan shi kaɗai ba. Sai da wanda ya san hannun marubutan da, ya san ajami, ya kuma san cewa sunan itace yakan sauya daga gari zuwa gari: aduwar Bahaushe ita ce garbey a bakin Zabarmawa, anza a nan hanza ce a can. In aka kuskure suna, an kuskure itace, in aka kuskure itace kuwa rai ne a tsakani.

An taɓa yin irin wannan haɗin gwiwa a ƙasarmu. A 1972 wata mai nazarin al'adu 'yar Faransa, Nicole Echard, wadda ta daɗe tana aiki a Adar, ta haɗu da masana tsirrai suka wallafa nazari a kan itatuwan maganin Hausawan Adar. Ita ta san mutanen da maganarsu, su kuma sun san tsiron da sunansa na kimiyya. Aiki ne mai daraja. Abin da ke damuna shi ne da Faransanci aka rubuta shi, a Faransa aka buga shi, kuma jikokin bokayen da suka buɗe baki suka ba da ilimin, a Tawa da Keita da Buza, galibinsu ba su ma san da shi ba.

Kada wani ya ji ni ya ce mai sharhi ya ce a bar likita a koma jiƙo. Ban faɗa ba, ba kuwa zan faɗa ba. Cikin haɗin magani 2,000 da mutanen Sin suka tattara, kaɗan ƙwarai ne suka tsallake gwaji. Shi kansa tsiron da aka samo atemisinin daga gare shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a riƙa shan shayinsa a matsayin maganin zazzaɓi ba, don ƙarfinsa ba ya daidaita, kuma ɗan kaɗan ɗin da bai kashe ƙwayar cuta ba shi ke koya mata jure magani. Akwai sassaƙen da ke cin hanta, akwai mai kashe ƙoda. Tsohon littafi da bakin boka hanya suke nunawa, ɗakin gwaji ke yanke hukunci.

Masu ɗakin gwajin namu kuwa sun yi abin a yaba. An fara allurar rigakafin sanƙarau nau'in A a Disamban 2010 a Nijar da Mali da Burkina Faso, wannan nau'in ya kusan ɓacewa. A 2015 sanƙarau ya dawo, sama da mutum 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu, Yamai na cikin inda abin ya fi ƙamari. Binciken ruwan ƙashin bayan marasa lafiya, irin wanda cibiyar CERMES ke yi, shi ya nuna nau'in C ne wannan karon, tsohuwar allurar ba ta kare shi. A yankin Madarunfa an gwada rigakafin gudawar jarirai mai jure zafi a kan jarirai kimanin 3,500, sakamakon ya fito a 2017. A Boboye da Loga an bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin azitromisin sau biyu a shekara, sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna mace-macen yara sun ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Duniya ta karanta waɗannan, ta kuma yi aiki da su.

Amma ku tsaya ku yi tunanin ranar da aka shiga ƙauyen. Kafin a ɗiga wa jariri komai a baki, dole uwarsa ta yarda, kuma yarda ba ta inganta sai da fahimta. Yaya za ka gaya wa uwa da Hausa cewa wasu yaran za a ba su maganin gaske, wasu kuma abin da ya yi kama da shi amma babu sinadari a ciki, cewa ƙuri'a ce za ta raba, cewa shi kansa mai bayarwar bai san wanne ke hannunsa ba? Yaya za ka gaya mata tana da ikon cewa a'a, alhali ga maigari a zaune, ga baƙi sun zo da mota, ita kuma an tarbiyyantar da ita a kan kunyar musa wa babba? Wanda ya san zaurance da habaici, ya san cewa "to" ɗin Bahaushiya wani lokaci amincewa ce, wani lokaci ladabi ne kawai, shi zai iya wannan aiki. Mun ga abin da sakaci a nan ke haifarwa. A Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wani kamfanin magunguna na Amurka ya yi gwajin sabon magani da yara 200, kusan rabinsu aka ba sabon maganin, 11 cikin yaran 200 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka shekara da shekaru ana shari'a. Da aka zo 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a can, wannan tabon na cikin abin da mutane ke tunawa, cutar kuma ba ta tsaya a kan iyaka ba, ta taɓa yaranmu.

Haka abin yake kullum a ɗakin awo, ko babu wani gwaji. Matashin likita ya yi karatunsa duka da Faransanci, aka tura shi Ƙonni ko Madawa. Mace ta ce masa ta yi ɓatan wata, wata ta ce sanyi ke damunta, dattijo ya ce zahi ne ya taso masa, kaka ta ce tsuntsu ya bugi jikanta alhali yaron jijjiga yake yi saboda zazzaɓi ya hau kansa. Masu bincike na cibiyar LASDEL a nan Yamai sun daɗe suna rubutu a kan irin wannan rata tsakanin ma'aikatan lafiya da marasa lafiya. Ya kamata abin da suka gano ya zama darasin dole ga duk mai shirin sa farar riga.

Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Wannan nauyi ne a kan jami'o'inmu. Muna buƙatar ƙamus na lafiya da likita da masanin halittu da masanin harshe za su zauna a tabarma ɗaya su tsara, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a daina barin kowane mai fassara yana ƙirƙiro tasa kalmar a gaban majiyyaci. Muna buƙatar a yarda ɗalibin magani da ɗalibin adabi su ɗauki batu ɗaya su rubuta kundi tare. Duk binciken da aka ɗebi jinin mutanen wani ƙauye dominsa, a koma ƙauyen a gaya musu abin da aka gano da harshensu, a dandali ko a rediyon karkara.

Akwai kuma abin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Ku ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da na Abdou Moumouni, in kun tafi gida hutu, wayar da ke aljihunku tana naɗar murya. Ku nemi izinin ungozomar unguwarku da wanzamin gidanku, ku rubuta sunansu da garinsu don haƙƙinsu kada ya ɓace, ku tambaye su sunan itacen, wane ɓangare ake ɗiba, a wane lokaci, jiƙawa ake yi ko dafawa, wa aka hana ya sha. Ku tambayi Inna ko Kaka dalilin da ya sa ake cewa shawara ba ta son allura, wa ta gani da idonta, me ya same shi. Kada ku gyara mata magana, ku rubuta amsar yadda ta fito daga bakinta, sannan ku kai wa malamanku na tsangayar lafiya su duba.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu wani makon, ku huta lafiya.