Lefebvre: Yadda Maƙeri Ya Zama Sunan Zuri'a a Faransa

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da yamma. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Ku dubi sunan da na rubuta a allo: Lefebvre. Yana cikin sunayen zuri'a mafi yawa a arewacin Faransa, kuma ma'anarsa ba ta wuce "maƙerin" ba. Tushensa kalmar Latin ce, faber, wato mai aikin hannu, musamman na ƙarfe. Bakin mutanen arewa ya tauna ta har ta koma fèvre.

Kafin ƙarni na 11, Bafaranshe suna ɗaya gare shi, wanda aka raɗa masa a coci. Da jama'a suka yawaita, sai ka tarar da Jean biyar a ƙauye guda. Yaya za a yi? Yadda muke yi ne: Audu Maƙeri, Audu Dogo, Audu na bakin kasuwa. Bambancin kawai, a wurinsu laƙabin ya manne. Zuwa ƙarni na 13, ɗan maƙeri ko bai taɓa riƙe zuga-zugi ba, da sunan za a kira shi, haka jikansa.

To, ƙauyen da babu maƙeri ai babu garma, babu takalmin doki. Shi ya sa sunan ya tsiro ko'ina, kowane yanki da irin lafazinsa. Kudu suka ce Fabre ko Faure, yankin Savoie da Suwizalan suka ce Favre. Mutanen Biritaniyar Faransa, wato yankin Bretagne, masu harshensu daban, suka ce Le Goff. Saboda haka idan wani ya ce muku duk masu wannan suna kakansu ɗaya, ku ce masa sana'a ce ta haɗa su, jini bai haɗa su ba. Masu sayar wa mutane "tambarin gidan Lefebvre" a intanet, ni dai ina ganin cin kasuwa kawai suke yi.

Yanzu ku dubi harafin b ɗin nan da ke tsakiya. Ba a furta shi ko kaɗan. Marubutan da, masu ji da Latin, su suka cusa shi don a san sun san faber. Abin dariya, b ɗin asali shi ne ya riga ya rikiɗe ya zama v, ka ga ke nan sun rubuta harafi ɗaya sau biyu! Kuma da yake a rubutun wancan zamani u da v ba su da bambanci, wasu suka karanta Lefebure, kuskuren ya zama sunan gidansu har yau.

Hukuma ce ta ɗaure abin. A 1539 Sarki François na Ɗaya ya wajabta wa limaman coci rubuta rajistar baftisma. A 1792 aka mayar da rajistar hannun hukumar gari, sannan dokar 1794 ta hana mutum ɗaukar wani suna ban da wanda ke takardar haihuwarsa. Ita kuwa kalmar fèvre ta mutu a bakin mutane, forgeron ta gaje ta. Sauranta kawai a orfèvre, maƙerin zinariya.

Jikokin maƙeran sun yi nisa. François Joseph Lefebvre, haifaffen 1755, ya zama babban hafsa a rundunar Napoleon. Marcel Lefebvre ya riƙe babban limamin Katolika na Dakar. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma, ku riƙe wannan: Félix Faure, shugaban Faransa daga 1895 zuwa 1899, a zamaninsa aka tura ayarin sojan Faransa na hafsoshi Voulet da Chanoine, wanda ya ƙone Birnin Konni 'yan watanni bayan mutuwar Faure.

Na ga hannu a can gefe. Bismilla, malama, a miƙa mata abin magana.