Kujeru biyu tak ga Abuja tun 1996

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Mai sayar da katako a Dei-Dei, da ma'aikaciyar da ke barin Kubwa tun asuba don gudun cunkoso, da mutanen Nyanya da Lugbe da Mpape, duk ɗan majalisar wakilai ɗaya gare su, na mazaɓar AMAC (ƙaramar hukumar cikin birnin Abuja) da Bwari. Ɗaya kujerar ta Abaji da Gwagwalada da Kuje da Kwali ce. Iyakar rabon Babban Birnin Tarayya ke nan cikin kujeru 360.

A 1996 aka yi wannan rabo, zamanin Janar Sani Abacha, bisa ƙidayar 1991, lokacin mutanen Abuja ba su kai dubu 400 ba. A ƙidayar 2006 sun haura miliyan 1.4. Yau kuwa, wanda ya bi hanyar Nyanya da yamma ba sai an faɗa masa ba.

Tsarin mulkin 1999 bai yi shiru ba. Sashe na 73 ya ɗora wa hukumar zaɓe ta INEC aikin sake duba iyakokin mazaɓu, sai dai sashe na 74 ya ce gyaran ba zai fara aiki ba sai majalisar dattawa da ta wakilai sun amince. A nan gizo ke saƙa. Adadin kujerun a ƙayyade yake, duk wadda aka ƙara wa Abuja daga wata jiha za a cire ta. Wane ɗan majalisa ne zai ɗaga hannu a rushe kujerarsa? An ba kura ajiyar nama.

Tun 2008 kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a kafa hukuma ta daban, aikinta shata mazaɓu kawai. Har yau ba a kafa ta ba. A ganina shawarar daidai take, amma kafa hukumar ba zai wadatar ba in dai majalisa ce ke da maganar ƙarshe. A Birtaniya, tun dokar 2020, taswirar da hukumomin iyakoki suka kammala tana zama doka ba tare da 'yan majalisa sun kaɗa mata ƙuri'a ba.

Masu tsoron kada a yi amfani da sabon layin iyaka a raba al'umma ko a danne 'yan asalin wuri, irin su Gbagyi da Gade da Gwandara, suna da hujja, kuma bai kamata a yi musu kunnen ƙashi ba. Shi ya sa dole sabuwar hukumar ta zauna a Bwari da Kwali, ta baje taswira a gaban kowa, ta saurari ƙorafi da harshen da mutane ke ji, kafin ta sa hannu.

Kuma kowace hukuma da alƙaluma take aiki. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Don haka a gyara sashe na 74, a kuma sa ranar ƙidaya.