Baƙon da Ba Shi da Takarda a Ƙofar Asibiti

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya san Kamba, ko Dole Kaina, ko Lolo, ya san iyaka ba ta raba dangi ba. Bazabarme kan taso daga Gaya ta Jamhuriyar Nijar ya zo ƙwadago a fadamun shinkafa, ya yi damina biyu, uku, har ya ɗauko iyalinsa. Ba wanda ya tambaye shi takarda ran da ake neman hannu wajen dashe. Sai ran da naƙuda ta zo wa matarsa da gardama ne zai gane cewa shi baƙo ne.

Tsarin inshorar lafiya, irin wanda hukumar KECHEMA ke gudanarwa a Kebbi, sai da rajista. Rajista kuwa shaida take nema, lambar NIN kuma ɗan ƙasa ake ba, ko baƙon da ke da izinin zama. Wanda ba shi da ita, komai daga aljihunsa zai fito: kuɗin kati, gwajin jini, ledar ƙarin ruwa, har safar hannu. Ga kuma tsoro. Yana ganin da ya faɗi garinsu za a haɗa shi da jami'an shige da fice, balle yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Sai ya tsaya wajen mai kemis ya sayi ƙwaya ta naira ɗari biyu, ba za a nufi asibiti ba sai abu ya ci tura.

Abin da ya fi damuna shi ne doka tana bayansa, shi bai sani ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Mutum aka ce, ba a ce ɗan Najeriya ba. Hukuncin saɓawa tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.

Kada mu manta, tun 2019 dubban 'yan'uwanmu daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi, da yawansu ba ko katin zaɓe a hannu. Ɗakunan shan maganin can ne suka karɓi 'ya'yansu. Sannan sanƙarau da ya yi mana ɓarna a Gwandu, Jega da Aliero a 2025 bai tambayi kowa asalinsa ba. Yaron baƙo da aka tsallake ran rigakafi, da yaranmu yake wasa a dandali.

Muna kira ga ma'aikatar lafiya ta jiha ta sa a rubuta wancan sashe da Hausa da Zabarmanci, a liƙa a ƙofar kowane asibitin bakin iyaka. Hakimai da limamai kuma su sanar a masallatan Juma'a cewa a kai mai naƙuda asibiti, da takarda ko babu.