Daga Ina Cindo Yake Fitowa?

Ku ƙaddara kuna duban hannun wani jariri. Yatsu shida. Duk lokacin da hoton jariri mai cindo ya shiga zaurukan WhatsApp a nan Gusau, sai ka ji an koma kan uwar: wai ta kalli abin da bai kamata ba tana da ciki, wai ta fita da tsakar rana. Wannan zargin yana damuna ƙwarai, domin kafin cikin ya fito fili an gama ƙirga yatsun.

Farko dai kowa ya sani. Ƙwai ya haɗu da maniyyi, ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, huɗu, takwas, haka har dubbai. A mako na huɗu 'yan tsiron hannu sun ɓullo. Zuwa mako na takwas yatsu sun rarrabu.

To, ga inda mutane ke ruɗewa. Da yawa suna zaton kowace gaɓa tana da nata ƙwayar gado, wai akwai ta babban yatsa, akwai ta ƙarami. A'a. Ƙwayar jikin da za ta zama ƙashin yatsa da wadda za ta zama ƙwaƙwalwa, DNA ɗaya, wato kundin gado ɗaya, suke ɗauke da shi. Abin da ya bambanta su shi ne wurin da suka tsinci kansu.

Yaya ƙwaya ke sanin inda take? Mu ɗauki gefen tsiron hannun da ƙaramin yatsa zai fito. Wasu 'yan ƙwayoyi a nan suna fitar da wani sinadari mai suna Sonic hedgehog, yana bazuwa kamar turaren wuta a ɗaki: kusa da kasko ƙamshi ya yi ƙarfi, bakin ƙofa kaɗan ne. Ƙwayoyin da suka sha sinadarin da yawa, suka daɗe a cikinsa, su za su gina ƙaramin yatsa. Waɗanda bai kai gare su ba, babban yatsa. A 1968 John Saunders da Mary Gasseling suka ɗebi irin waɗannan ƙwayoyin a fiffiken ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, suka dasa a ɗaya gefen. Fiffiken ya fito da yatsu ninki, jeri biyu suna fuskantar juna. Ikon Allah!

Sau da yawa cindo gado ne. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da aka san sauyinta na kawo shi ita ce GLI3, wadda ke karanta saƙon sinadarin Sonic hedgehog. Shi ya sa za ka ga uba na da shi, ɗa ma ya zo da shi. Shawarata, kada a ɗaure shi da zare a gida, a kai wa likita ya duba.

Daga kai zuwa gindi ma tsarin haka yake. Ƙwayoyin gado masu suna Hox, guda 39 a jikin mutum, su ke raba wuya da ƙirji da ƙugu. A jikin ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro aka fara gano su, kuma aikin da aka yi a kansa ya ba Edward Lewis da Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus kyautar Nobel a 1995. Misali: da ƙwayar gado ɗaya ta sauya a jikin ƙudan, ƙafa ta tsiro masa a ka.