Ka haɗa da Paystack ko ka gina naka? Daga laccar da aka yi wa matasa a Nima, Accra

Assalamu alaikum, iyayenmu malamai, ƙannena maza da mata, sannunku da zuwa. Toh tambayar da kuka fi turo min ita ce, wanda ya yi app ko shagon intanet, ya jona da su Paystack, Hubtel ko Flutterwave ne, wato kamfanonin da ke karɓar wa ’yan kasuwa kuɗi ta intanet, ko ya gina nashi tsarin karɓar kuɗi?

Ni dai amsata, ka jona tukuna. Na san abin da ke ci muku rai, cajin nan na kusan kashi 2 cikin 100 da suke yanka, mai sayar da atamfa a Tudu in ya lissafa na wata guda sai ya ga kamar kuɗin haya ya biya. Gaskiya ne akwai ciwo.

Amma ku duba, rubuta kod ɗin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Tun da aka yi dokar Act 987 a 2019 ba wanda zai riƙe ko ya sarrafa kuɗin jama'a ba tare da lasin Bank of Ghana ba, kuma akwai jarin da za ka nuna kafin a saurare ka, sannan don karɓar kuɗi ta waya sai ka zauna da MTN, ka zauna da Telecel, ka zauna da AT, kowa da takardunsa, in kati za ka karɓa kuma ga ƙa'idar PCI DSS ta tsare bayanan kati tana jiranka, ga Data Protection Commission saboda bayanan mutane da ke hannunka.

Bari in ba ku misali. Hajiya ta sayi kaya na sidi 300, saƙo ya fito a wayarta ta sa lambar sirri, an cire kuɗi, sai netwok ya ɗauke kafin labari ya iso sabarka, wato kwamfutar da app ɗinka ke aiki a kai. Ita tana nuna maka alat, kai allonka yana cewa ba a biya ba. Ko kuma saƙon tabbatarwa ya shigo sau biyu, yaron shago ya ɗaure kaya sau biyu. Waye zai tashi ƙarfe biyun dare ya daidaita wannan lissafin? In naka ka gina, kai ne wallahi, kuma Hajiya ta san ƙofar gidanku.

Ku tuna E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, an kawo shi 2022, aka rage 2023, aka soke 2025, duk canji sai masu tsarin sun taɓa aikinsu.

Abin da nake so ku gina da hannunku shi ne littafin lissafinku, kowane ciniki da lambarsa da lokacinsa, a ajiye a wajenku, yadda ranar da kamfani ya ƙara caji ko ya riƙe muku kuɗi za ku koma wani ba tare da kun rushe app ba. Kafin ku sa hannu kuma ku tambaye su kwana nawa kuɗi ke yi kafin ya faɗo akawun, da wa za a kira in ciniki ya maƙale ranar Asabar. Mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa lasifika.