Yadda Ake Saka Laburaren Ayyuka na Bai Ɗaya a Cikin Manhajar Waya

Assalamu alaikum, masu kallo. A ranar 1 ga Fabrairu, 2020, harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, kuma duk mai manhajar saye da sayarwa da ke lissafa wannan haraji a cikin wayar abokin ciniki sai da ya koma ya taɓa kod ɗinsa. Wanda ya rubuta lissafin sau biyu, ɗaya da yaren rubuta kod na Kotlin domin Android, ɗaya da na Swift domin iPhone, gyara biyu ya hau kansa, kuma da ya manta da ɗaya, da mutum biyu sun sayi kaya iri ɗaya a shago ɗaya sun biya kuɗi daban-daban. Irin wannan aiki, wato lissafi da tattaunawa da sabar da adana bayanai, shi ake kwashewa a zuba a cikin laburare guda wanda manhajojin biyu za su riƙa ɗiba daga gare shi, kamar gidaje biyu da ke shan rijiya ɗaya.

Za mu yi aikin ne da Kotlin Multiplatform, fasahar kamfanin JetBrains, wadda aka ayyana ta a matsayin tsayayya a watan Nuwamba na 2023, tare da fitowar Kotlin 1.9.20.

Ga aikinmu a buɗe a cikin Android Studio, manhajar kwamfuta da ake rubuta manhajojin Android da ita. Da farko muna ƙirƙirar sabon sashe a gefen na manhajar, mu sa masa suna shared, sannan mu tabbatar an ambace shi a cikin fayil ɗin settings.gradle.kts, domin Gradle, wanda shi ne ke harhaɗa aikin baki ɗaya, ba ya ganin sashen da ba a gabatar masa da shi a nan ba. A cikin sashen za ku ga folda uku. Ta farko, commonMain, nan ne ainihin laburaren, kuma duk abin da aka rubuta a cikinta dole ne ya yi aiki a kan wayoyin biyu. Sauran biyun, androidMain da iosMain, an tanade su ne domin abin da ya keɓanta da kowace waya.

Haɗa shi da manhajar Android layi ɗaya ne a cikin build.gradle.kts na manhajar, inda ake rubuta implementation a ba shi sunan sashen. Sai dai ku duba lambar minSdk tukuna, wato sigar Android mafi tsufa da kod ɗin zai yi aiki a kanta, saboda idan laburaren ya nemi sigar Android da ta fi ta manhajar sabunta, harhaɗawar za ta tsaya cak.

Yanzu ga inda ya kamata mu daɗe, domin a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Dogaro hanya ɗaya yake bi: manhaja ta san laburare, amma laburare bai san manhaja ba, bai san launin maɓalli ba, bai kuma san a wane shafi za a nuna sakamakonsa ba. A ce ajin (class, wato rukunin kod) da ke lissafin haraji ya gamu da matsalar intanet, sai mai rubutu ya ga ya fi sauƙi ya sa shi ya fito da saƙon gargaɗi a fuskar waya kai tsaye. Nan take zai buƙaci Context na Android, wato hanyar da kod ke bi ya taɓa tsarin wayar, abin da commonMain ba ta san da zamansa ba, kuma ko da ya nemi ya sa laburaren ya dogara da manhajar, Gradle zai ƙi, tunda kowannensu zai zauna jiran a gama ɗan'uwansa. A ganina wannan ƙin gata ne. Abin da ya dace shi ne laburaren ya mayar da amsa cewa an samu matsala kaza, kowace manhaja kuma ta nuna wa mai wayar ta yadda ta saba.

Akwai lokacin da ba makawa sai an taɓa wayar kanta, kamar wajen tantance inda za a ajiye rumbun bayanai. A irin wannan hali ana rubuta expect a commonMain, wanda tamkar alkawari ne cewa wannan aiki yana nan tafe, sannan a cika alkawarin da actual a androidMain da kuma iosMain. Idan aka bar ɗaya babu cikawa, kod ɗin ba zai harhaɗu ba. Laburaren Ktor, wanda muke amfani da shi wajen aika buƙata ga sabar, kusan haka yake tafiya: buƙatar a wuri ɗaya ake rubuta ta, amma injin da ke kai ta OkHttp ne a Android, Darwin kuma a iPhone. Kada dai a manta da izinin INTERNET a cikin AndroidManifest, fayil ɗin da manhaja ke bayyana izinin da take buƙata.

Wani abu da ke yawan rikita sababbin shiga shi ne bambancin implementation da api. Idan laburaren ya ɗauko Ktor da implementation, Ktor ya zama sirrin cikin gida, manhajar ba za ta iya kiran sa kai tsaye ba. Idan kuwa da api ne, an buɗe mata ƙofa, kuma ranar da kuka so sauya Ktor da wani abu za ku tarar ya yaɗu a ko'ina. Shawarata ita ce ku tsaya ga implementation har sai larura ta tilasta, ku kuma sa kalmar internal, wadda ke ɓoye aji daga wajen laburaren, a kan duk ajin da ba a yi shi domin na waje ba.

Ɓangaren iPhone yana buƙatar kwamfutar Mac mai Xcode, manhajar Apple ta harhaɗa manhajojin iPhone, babu yadda za a kauce wa hakan. Ana ƙara matakin Run Script a gaban matakin harhaɗa kod ɗin Swift, a sa shi ya kira aikin Gradle mai suna embedAndSignAppleFrameworkForXcode, kuma daga Xcode 15 zuwa sama sai an kashe saitin Xcode mai suna User Script Sandboxing kafin ya yi aiki. Swift yana ganin laburaren ne ta hanyar Objective-C, tsohon yaren kod na Apple, shi ya sa wasu sunaye da nau'o'in bayanai kan iso a ɗan sauye, kuma hakan wani dalili ne na rage abin da ake bayyanawa waje.

To, bari mu gwada. Ga adadin harajin a commonMain, na mayar da shi 7.5, na kuma tayar da manhajar a kan wayoyin gwaji biyu. Kayan naira 10,000 sun koma naira 10,750 a Android, ga kuma 10,750 ɗin a iPhone, alhali fayil ɗaya kacal muka taɓa.